Naira dubu 185 na biya a kan abin da ake bayarwa kyauta, ku yi hattara da mai "ƙirga maziyarta"

Jama'a, duk mai shafin kasuwanci a intanet ya tsaya ya karanta wannan, musamman mu mata masu sana'a daga gida. Akwai wani yaro da ke yawo a giruf-giruf na 'yan kasuwa a WhatsApp, yana cewa zai haɗa miki abin da zai riƙa ƙirga masu shiga shafinki, ya nuna miki garin da suke da kayan da suka duba. Ɗan damfara ne. Ya ci mini naira dubu 185. Dubu 85, sai dubu 40, sai dubu 60. Ban ma sa kuɗin kayan da na saro saboda ƙaryarsa ba, wannan lissafi ne daban, zan zo kansa.

Ba zan rubuta sunansa ba tukuna, an ce in dakata har a ga inda ƙorafin da na shigar zai tsaya. Kuma wane sunan ma zan rubuta? Wanda ya ba ni daban, wanda ke kan asusun bankin daban. Amma hirarmu tana nan ban goge ko harafi ba, da rasit ɗin kuɗin, da saƙonnin muryarsa. Zan ɗora su, lambobin waya kawai zan rufe.

Turaren wuta nake yi da humra, a nan Kano. Ɗan yayata ne ya gina mini shafin a WordPress, wata manhajar gina shafukan intanet, kafin ya tafi bautar ƙasa kudu, aka jera hotunan kwalabe da farashi, da wurin da mutum zai danna ya faɗo WhatsApp ɗina. Ina biyan talla a Facebook da Instagram lokaci-lokaci. Abin da ke damuna shi ne ban san ko tallan na kawo mutane shafin ba, ko kuwa kuɗina ne ke tafiya a iska. Tambaya ce ta mai hankali. Duk ɗan kasuwan da ya san ciwon kuɗinsa zai yi ta. Na yi ta a giruf ɗinmu, wata baiwar Allah ta ce akwai yaron da ya yi wa ƙawarta, ga lambarsa. Yau ita ma cewa take ba ta taɓa ganinsa ba, lambar aka turo mata.

Kar wanda ya ce mini na yi garaje. Na tambaye shi ayyukan da ya yi a baya, ya turo hotuna. Na ce ya yi mini bayani, ya yi, da Hausa tsantsa, cikin ladabi, Hajiya kaza, Hajiya kaza, Allah ya ƙara buɗi. Ya ce dubu 120, na ce ba zan iya ba, muka yi ta ja har muka tsaya a dubu 85. Na yi ciniki fa! Har na ji daɗi a raina cewa na rage dubu 35. Ashe ruwan rijiyar gidanmu ake sayar mini, ni kuma ina ta neman ragi.

Abin da ke hana ni barci shi ne kiran nan. Bayan na tura kuɗin, na ba shi kalmar sirrin shafin don ya ce sai ya shiga ciki zai dasa lambar da ke ƙirga maziyarta, da yamma sai ya kira. Ya ce, "Hajiya, buɗe shafin naki a waya yanzu, ina kallo." Na buɗe. Ya yi shiru kaɗan, ina jin ƙarar danna kwamfuta. Sai ya ce, "Yauwa, ga ki nan. Kano, wayar Android, kina fuskar farko." Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ya ce, "To shiga wajen humra." Na shiga. Ya ce, "Ga shi nan, kin shiga humra." Na ce ikon Allah. Na kira 'yata na ce zo ki ji abin mamaki.

Shi ya ce in buɗe. Shi ya ce in shiga humra. Ya san a Kano nake, ai a giruf ɗin an rubuta. Android kuwa, mu nawa ne ba ita muke riƙewa ba? Babu abin da ya gani, abin da ya umarce ni in yi shi yake maimaita mini. Amma ku faɗa mini tsakani da Allah, wa zai kawo wannan a ransa a lokacin? Mutum na magana da kai a natse, kana jin ƙarar madannai, yana faɗin abin da ke kan fuskar wayarka daidai. "Ga ki nan, Hajiya." Har yanzu muryar na kunnena.

Daga nan duk Juma'a sai ya turo hoto, layi shuɗi yana hawa, maziyarta ɗari kaza, ɗari kaza. Hoto kawai. Da na ce ina so in riƙa dubawa da kaina, sai ya ce wannan sai an sayi lasisin mai shafi daga Google, dubu 40 a shekara. A'a, bari in gyara, kafin wannan ma ya taɓa cewa in ba da kuɗin sabuntawa na ƙi, sai daga baya ya canja masa suna ya koma lasisi. Ko ma dai yaya ne, dubu 40 ta fita, kafin azumi ne, don na tuna ranar na dawo daga Sabon Gari sayen kwalabe.

Babu wani lasisi. Google Analytics, sunan abin ke nan, kyauta ne. Duk mai adireshin Gmail zai iya buɗewa, a ba shi lamba mai farawa da G da ɗan layi, ya saka a shafinsa, shi ke nan. Akwai na kuɗi da ake kira Analytics 360, amma na manyan kamfanoni ne, ba na mai humra ba. A WordPress ma Google na da abin haɗawa nasa, Site Kit, shi ma kyauta, ba sai ka taɓa lambobin cikin shafin ba. Search Console da ke nuna kalmomin da mutane suka bincika har suka same ka, kyauta. Meta Pixel na bibiyar tallan Facebook, kyauta. Duk wannan a bakin ɗan yayata na ji, ranar da ya dawo hutun Sallah ya karɓi kwamfutar, ya duba, ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Anti, nawa kika ce kin biya?" Kunyar da na ji a gaban yaron da na goya ba ta faɗuwa.

Ya nuna mini lambar da mutumin ya dasa da farko, wadda na biya wa dubu 85. Da UA ta fara. Tsohon tsari ne, Google ya daina karɓar bayanai da shi tun 1 ga Yulin 2023, aka koma sabon da ake kira GA4. Wato mushen lamba ya liƙa mini, ba ta ƙirga ko mutum ɗaya ba. Hotunan Juma'ar nan kuwa Allah kaɗai ya san na shafin wa ne, don ɗan yayata ya ƙara girman ɗaya muka ga an yanke saman, daidai inda sunan shafi ke fitowa. Dubu 85.

Na tsallake wani abu. Bayan na biya dubu 40 ɗin ya buɗe na gaske, mai G, amma da Gmail ɗinsa, ba nawa ba. Ya saka ni a matsayin mai kallo kawai, mafi ƙanƙantar matsayi, ba na iya canja komai, ba na iya cire shi, shi kuwa yana iya cire ni duk sa'ar da ya ga dama. Kuma ya cire ni ɗin daga ƙarshe. Da na fara dubawa da kaina sai na ga mutane 'yan ƙalilan ne ke shigowa a rana, ba ɗaruruwan da ke cikin hotuna ba. Na kira shi hankali a tashe. Ya ce, "Hajiya kwantar da hankalinki, Google ne ya toshe miki hanyar baƙi saboda shafin bai da rajista, in aka buɗe za ki ga bambanci." Dubu 60. Cikin azumi, da bakinsa na mai azumi, har yana cewa albarkacin wannan wata ya rage mini.

Kuma na ga bambancin, shi ya sa nake cewa ba wauta ba ce. Da idona na gani a cikin Google Analytics na gaske, ba hoto ba, adadin ya tashi ya haura dubu a rana. Me za ki yi in ke ce, ga Sallah na matsowa, lokacin da turare ke tafiya? Na ɗebi kuɗin adashina na ƙara sandal da hawi da gab-gab da farce, na ƙara kwalabe, na sa yara biyu suna taya ni ɗurawa har dare. Na ce ko ɗaya bisa ɗari ne suka saya na gode Allah. Oda ba ta ƙaru ba. Masu sayena na kullum su ne dai. Da na yi masa magana ya ce baƙi sai sun saba da shafi kafin su fara saye.

Ashe ba mutane ba ne. Ɗan yayata ya buɗe wajen garuruwa, muka ga Ashburn, Boardman, Singafo. Na ce ina ne kuma Ashburn? Ya ce a jihar Virginia ta Amurka, Boardman kuma ƙaramin gari ne a Oregon, dukansu wuraren da manyan kamfanoni suka jibge rumbunan kwamfutocinsu ne. Na'urori ake haya su riƙa buɗe shafi suna rufewa don lamba ta hau, kuma da ɗan kuɗi kaɗan ake sayen irin wannan. Ya nuna mini tsawon zamansu a shafin, kusan sifili. Ya nuna mini kusan duk da kwamfutar tebur suka shigo, alhali masu sayena kaf da waya suke. Ba ta Facebook suka zo ba, ba ta binciken Google ba, kai tsaye wai, kamar sun haddace adireshina. Wace mata ce a Boardman ke neman humra ta Sallah? Duk wannan yana nan a fili, amma sai an nuna maka inda za ka danna. Ni babbar lambar da ke sama nake kallo, don ita ya koya mini kallo.

Da na tura masa hoton garuruwan na ce ya yi mini bayani, ya karanta, alamar ta yi shuɗi, bai amsa ba. Washegari hotonsa ya ɓace, kira ba ya shiga. Na koma Analytics ɗin, an cire ni. Ko 'yan bayanan gaskiyar da aka tara na mutanena na ainihi sun tafi da shi, kuma ba a dawo da na baya, sabon da muka buɗe daga ranar da aka dasa shi ya fara ƙirga. Sannan a cikin WordPress ɗin muka tarar ya ƙirƙira wa kansa wani asusun mai cikakken iko da wani suna, ko na canja kalmar sirrina yana da ƙofarsa. Mun goge. Amma tunanin cewa watanni yana iya shiga ya ga sunaye da lambobin matan da suka yi oda, wannan ya fi kuɗin ci mini rai.

Wata a giruf har da cewa ai da na tambaya. Na tambaya! A gabanki na tambaya, kina ciki, ba ki ce komai ba, sai yanzu kowa ya zama malamin kwamfuta. Kuma biyan mutum ladan aikinsa ba laifi ba ne, da ya ce Hajiya abin kyauta ne amma ki ba ni kuɗin wahalata, wallahi zan ba shi da daɗin rai. Ƙarya ya sayar mini har kashi uku. Dubu 185. Kwalba nawa zan sayar kafin in mayar da dubu 185? Allah ya isa, ban yafe ba.

Ku dai ku buɗe Google Analytics ɗin da Gmail ɗinku, ku ne masu iko, shi mai aikin a ƙara shi daga baya a kuma cire shi in ya gama. Kar ku karɓi hoto. Ku sa wani a wani gari ya buɗe shafin ba tare da mai aikin ya sani ba, ku duba sashen da ke nuna masu shigowa cikin minti 30 da suka wuce, ku gani da idonku. Wanda ya ce lasisi ko buɗe hanyar baƙi, ku toshe shi.

Na kai ƙorafi bankina da rasit ɗin, an ba ni takarda na cike, kuma ɗan yayata na haɗa mini komai wuri guda don mu kai wa EFCC kafin hutunsa ya ƙare. In akwai wadda ya yi wa irin wannan, da wannan muryar ta "ga ki nan Hajiya", ta yi mini magana ta sirri mu haɗa hujjojinmu, an ce in masu ƙorafi sun yi yawa an fi saurin dubawa. Hotunan suna zuwa da daddare in an kawo wuta, wayar da suke ciki ta mutu.