Longji a lokacin kaka: wane mako, wane ƙauye, kwana ko jeka-ka-dawo?

Duk ɗan kasuwar da ke zuwa Guangzhou baje kolin Canton na watan Oktoba ya taɓa cin karo da hoton nan, ko a bangon otal ko a tashar jirgin ƙasa: tsauni an yanyanka shi hawa-hawa kamar matattakala, kowane hawa shinkafa ta nuna ta yi rawaya. Sunan wurin Longji, yana gundumar Longsheng a yankin Guangxi na ƙasar Sin, arewa da birnin Guilin. Tun zamanin daular Yuan aka fara sassaƙa gonakin, sama da shekara 600 ke nan. Wanda ya san duwatsun Gwoza ko na Sukur ya san dabarar, sai dai can dawa da gero ake shukawa a bayan jeren duwatsu, nan kuwa ruwa ake tarewa. Yana gangarowa daga dajin da ke ƙolin dutsen, kowace gona ta sha ta miƙa wa ta ƙasanta.

Daga tashar Guangzhou ta Kudu zuwa Guilin awa uku ne ko ƙasa da haka a jirgin ƙasa mai gudu, sai kuma awa biyu da ɗoriya a mota. Ba nisa ke hana mutane jin daɗin tafiyar ba, ranar da suka zaɓa ce.

Ni ma ta ci ni a zuwana na farko. Baje kolin kashi uku ne: 15 zuwa 19 ga Oktoba, 23 zuwa 27, sai 31 zuwa 4 ga Nuwamba. Na ga akwai tazara bayan kashi na biyu, na ce bari in yi amfani da ita. Na isa da yamma, na hau dutse ina haki, na leƙa ƙasa: tushiya ce zalla, sai dammunan shinkafa da aka jingine, da wata tsohuwa tana bugun zangarniya a cikin babban akwatin katako. Na tsaya na kalle ta na kusan rabin awa, don aikin ya burge ni, amma ba abin da na biya kuɗin mota in gani ba ke nan.

Shinkafar Longji sau ɗaya ake nomanta a shekara. Tana fara juyawa daga kore zuwa rawaya a ƙarshen Satumba, ta kai maƙura a farkon Oktoba, yanka kuma yakan kama daga wajen tsakiyar wata zuwa ƙarshensa. Ranar ba a kafe take ba, tana motsawa da yanayin shekara da tsayin gonar. Saboda haka zaɓin mako uku ne a gabanka.

Makon ƙarshe na Satumba babu cunkoso sosai, ɗaki na samuwa, amma wasu gonakin da sauran kore, kuma da rana akwai zafi mai ɗanshi irin wanda ke jiƙa riga. Ga wanda baje koli ya kawo shi, wannan ya yi wuri da yawa, sai dai in dama zai zo zagayen masana'antu tun da wuri.

Daga 1 zuwa 7 ga Oktoba shinkafar ta fi kyau, kuma shi ne makon da zan ce ka guje masa. Hutun ranar ƙasa ne, duk Sin ta fito yawo, wata shekarar ma ya haɗe da bikin tsakiyar kaka ya zama kwana takwas, kamar yadda aka yi a 2025. Hanyar hawa dutsen siririya ce mai lanƙwasa, motoci su yi layi, kuɗin ɗaki ya yi tsalle, tikitin jirgin ƙasa ya ƙare jim kaɗan bayan an buɗe sayarwa.

Tsakanin 8 zuwa 14 ga wata shi ne nawa. Masu hutu sun koma aiki, yawancin shinkafar tana tsaye, baje koli bai buɗe ba. Abin da ake buƙata kawai ka sa tikitin jirginka na zuwa ya riga baje kolin da kwana huɗu ko biyar. In kuwa ba ka da sarari sai tazarar 20 zuwa 22, to caca ce. Kafin ka biya komai, ka sa mai masaukin ya turo maka hoton yau ta manhajar saƙo ta WeChat, wanda ya ɗauka daga tagarsa, ba na talla ba.

Yanayin wannan lokaci ya fi na bazararsu sauƙi, domin ruwa mai yawa tsakanin Afrilu da Yuli yake sauka. Da rana riga ɗaya ta isa. Da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko, irin na farkon hunturu a Jos, ga gidajen na katako ne, iska na shiga ta ko'ina. Ka riƙe rigar sanyi mai kauri ɗaya da rigar ruwa marar nauyi. Babban abokin gaba hazo ne: ka tashi da asuba don ganin fitowar rana, ka iske fari fat ko tafin hannunka da ƙyar. Wani lokacin ya yaye da hantsi, wani lokacin ya wuni. Wannan ne ya sa ba na goyon bayan motocin jeka-ka-dawo daga Guilin. Sun fi araha, gaskiya ne, amma kusan awa biyar a hanya kake, ka isa rana ta take, sau da yawa a tsaya da ku a Huangluo kallon matan ƙabilar Yao masu dogon gashi, sannan a ba ka ɗan lokaci a saman. In hazo ya rufe a lokacin, shi ke nan. Mai kwana ɗaya yana da yamma da safiya, dama biyu.

Sai batun ƙauye. Ping'an na ƙabilar Zhuang ne, ya fi kusa, ya fi tsufa a harkar baƙi, wuraren kallonsa biyu ba su da nisa da masauki. In kana tare da dattijo ko mai ciwon gwiwa, nan za ku. Dazhai na Yao ne, ya fi nisa, gonakinsa sun fi faɗi, kwari ne guda an kewaye shi da hawa-hawa kamar ƙaton akushi. Akwai kebur mai ɗaukar mutane zuwa ɗaya daga cikin ƙololuwan, amma masaukai masu kyan kallo suna can sama wajen Tiantouzhai, kuma hawan matattakalar dutse ne na kusan awa guda. Mai ƙafa, Dazhai ta fi biyan wahala. Akwai hanyar ƙafa tsakanin ƙauyukan biyu, awa huɗu zuwa biyar, ga wanda yake ji da kansa.

Ko wanne ka zaɓa, bar babban akwati a otal ɗinka na Guangzhou ko Guilin. Akwati mai taya ba ya aiki a matattakala. Za ka ga mata, wasu sun haife ka, suna jira da kwando a baya su ɗaukar maka kaya a biya su. Sana'arsu ce, amma ni kunya ta hana ni bin bayan tsohuwa hannu na dukan cinya.

Abinci kuwa sai an yi hattara. Abin da aka fi tallatawa shi ne shinkafar da ake gasawa cikin gora, ƙamshinta na jan mutum, amma galibi da busasshen naman alade a ciki, kuma ko ganye aka soya ana iya sa kitsensa. Ana kuma miƙa wa baƙo giyar shinkafa a matsayin karramawa. Ka sa wani ya rubuta maka a waya da Sinanci cewa ba ka cin alade da kitsensa, ba ka shan giya, ka tsaya kan dafaffen ƙwai, farar shinkafa, dankali da masara. Guzuri a Xiaobei, unguwar 'yan Afirka da Musulmi a Guangzhou, za ka saye shi kafin ka taso; kada ka ɗauko kilishi daga gida, kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shiga. A Guilin akwai masallaci a titin Chongshan, akwai kuma shagunan taliyar Lanzhou na Musulmi, ka ci ka ƙoshi kafin ka hau. A saman dutse sallayarka ce masallacinka, kuma alƙibla yamma take, ba gabas ba.

Tikitin jirgin ƙasa kwana 15 kafin tafiya ake buɗe shi a manhajar 12306, da lambar fasfo ake saye, da fasfon kuma ake shiga tasha. Ka duba sunan tashar da kyau, don Guilin tana da fiye da ɗaya, kuma ta Yamma nesa take da gari. Shi ma mai masaukin ka tambaye shi tun a waya ko yana karɓar baƙi 'yan ƙasar waje, domin dole ne ya yi maka rajista da fasfonka, kuma ba kowane ƙaramin gida ne ya saba da yin hakan ba.