Boxer ta zubar da baƙin mai a hanya: a buɗe inji a gyara ko a sayi wani?

Salamu alaikum. Ɗan'uwa na ga tambayarka, ka ce kana dawowa daga Boɗinga kusoshin juye mai na ƙasan inji ya kwance ya faɗi ba ka sani ba, sai dai ka ji mashin ya rage ƙarfi ya mutu, da ya huce ka zuba wani mai ya tashi amma yana ƙara kaf-kaf-kaf, yanzu wani na ce maka a gyara wani na cewa sayi inji kawai. Sannu wallahi, Allah ya tsare gaba, don da tayar baya ta taka man nan a kwana da yanzu wani zance ake.

Na farko dai ka daina tada shi. Man Boxer duka-duka wajen lita 1 ne, kuma injin ba ruwa ke sanyaya shi ba, iska ce da man, to ka haɗa da zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40 lokacin bazara, in man ya zube ba ya ɗaukar dogon lokaci fistin ya kumbura ya kama jikin bulok, wato ramin da yake hawa da sauka a ciki. Mutuwar da ya yi maka ke nan. Da ya huce ƙarfe ya saki shi ya sa ya tashi, amma kartar da ya yi tana nan ciki, kuma duk kik ɗin da ka buga garin ƙarfe kake zagayawa da shi cikin inji.

Gyara kashi biyu ne kuma mutane na haɗe su wuri guda. Akwai na sama: fistin, ringi, bulok, gasket, sai a duba kamshaf da roka, masu buɗe bawul a kan inji, don su ne nesa da famfon mai, su ke fara bushewa. In kartar bulok ba ta yi zurfi ba ana iya kai shi borin, wato a ɗan faɗaɗa raminsa, a sa fistin da ya fi na asali kauri da milimita 0.25 ko 0.50, in ta yi zurfi a sa sabon bulok. Wanga aiki ne na yini guda, kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin inji ba, kuma injinka ne da ka san tarihinsa. Sai na ƙasa, wato konrod (sandar da ke riƙe da fistin) da kiranshaf (ƙarfen da konrod ke juyawa) da boris, shi sai an raba inji biyu, kuɗin aiki ya hau, kayan ma haka, kuma nan ne ake gane bakanike na gaske.

Sayen inji kuma amfaninsa sauri, musamman ga mai kabu-kabu da kullum sai ya kai wa mai mashin balas, yau a ɗora gobe kana kan titi. Amma in na hannu ne ba ka san mi ke ciki ba, ana iya zuba masa mai mai kauri ya yi shiru ranar gwaji, bayan sati biyu salansa ta fara hayaki. Ga kuma abin da mutane ke mantawa, lambar inji tana cikin takardunka, in ka canza ba rasit ba shaida, ranar da aka tare ka kai za ka yi bayanin inda ka samo shi, in na sata ne kuwa ka sayi rigima da kuɗinka. Sabo dal ba wannan fargabar sai dai aljihu.

Ni abin da zan ce maka kar ka yanke komai sai an cire kan inji kana tsaye. A juye man da ka zuba cikin faranti mai tsabta ka kai rana, in ka ga yana ƙyalli sa mayen ƙarfe ciki: wanda bai kama ba yawanci na fistin ne, da sauƙi, wanda ya manne kuwa ƙarfe ne na boris ko kamshaf ko bulok. Sannan in an zare bulok ka kama konrod da hannunka ka ja sama ka tura ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, haka yake, amma sama da ƙasa bai kamata ya motsa ba ko kaɗan, in ya yi ko ka ga gindinsa ya yi shuɗi alamar ƙuna, to ƙasa ta taɓu. Ni an taɓa yi mani gyaran sama kaɗai ba a duba wannan ba, ban yi wata guda ba ƙarar ta dawo ta cinye sabon fistin ɗin, na biya sau biyu, har yau abin na ci mani rai.

To in konrod lafiya lau, gyaran sama ya fi maka nesa ba kusa ba. In ya tafi, ka sa a lissafa maka kiranshaf, boris, bulok, fistin, sil da kuɗin aiki gaba ɗaya, in ya kusa kuɗin inji mai takarda kuma mashin ɗin dama ya tsufa, sai ka saya.

In gyaran ka zaɓa, a wanke cikin inji da rariyar mai tas, a duba famfon mai, a duba farantan kuloci tunda mai guda suke sha da inji kuma suna ƙonewa in ya bushe. A tabbatar mai na hawowa sama kafin a ba shi wuta. Ka yi tafiya a hankali ba lodin buhu ba goyon mutum biyu, ka juye man farko da wuri bayan 'yan kwanaki. Kuma a duba zaren ramin kusoshin nan, don in zaren ya cinye ko ba wasa (ɗan zoben da ake sawa kafin a ɗaure) a jikinsa, sabon da za a ɗaura ma kwancewa zai yi.