Gargaɗi: an damfare ni dala 8,400 a kan injin gyaran ƙanƙara

Jama'a, musamman 'yan'uwa mazauna Kanada, ku ji abin da ya same ni. Dala 8,400. Kuma ba kuɗina ba ne, abin da ke hana ni barci ke nan. Kuɗin iyayen yara ne, na filin hoki, wasan da ake yi a kan ƙanƙara, na ɗan garin da nake zaune a lardin Saskatchewan, inda ɗana ke wasa. Ni suka ba ma'aji saboda aikina lissafi ne. Lissafi fa!

Injinmu ya mutu a watan Satumba. Ga wanda bai sani ba, motar nan ce da kowa ke kira Zamboni: ta kankare saman ƙanƙara da wuƙa, ta kwashe garin, ta shimfiɗa ruwan zafi ya daskare sumul. In babu ita babu wasa. Sabuwa ta haura dala 100,000, ina za mu samo?

Sai na ga talla a intanet, ta hannu, mai aiki da gas, dala 21,000, wai tana Ontario. Na kira. Muryar dattijo ce, a nutse. Kafin a yi maganar kuɗi ya ce in je in auna ƙofar garejinmu, kada in saya ta ƙi shiga. Nan ya gama da ni. Wane ɓarawo ne zai damu da ƙofar garejinka? Wallahi na ɗauki tef na je na auna, na turo masa, har da godiya. Kullum sai na tuna kaina tsaye a cikin sanyin nan ina awo.

Na tura kafin alƙalami 6,000 ranar Juma'a. A'a, Alhamis ce, Juma'a ya turo rasit. Bidiyon injin da ya turo min ma kafin nan ne, ko bayan nan, na rikice. Injin na tafiya, ga agogon awannin aiki, ga lambar jiki. Kada wani ya ce ban bincika ba. Na tambayi lamba, ya bayar. Na tambayi yaushe aka wasa wuƙar, ya amsa kamar wanda ya shekara ashirin yana tuƙi. Abin da ban yi ba shi ne kiran kamfanin da ke ƙera Zamboni, ga shi suna da masana'anta a Brantford, a Ontario ɗin da yake cewa yana ciki.

Daga baya wai mai tirela na son 2,400 kafin ya ɗora. Na tura. 6,000 da 2,400. Ranar da za a kawo, mu huɗu muka tsaya a bakin fili har magariba. Waya a kashe. An goge tallan. Bidiyon kuwa na wani fili ne can daban, wata 'yar kwamitinmu ta gano shi cikin minti goma. Minti goma!

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na sanar da banki. Hotunan hirarmu da rasit ɗin bogin duk suna nan, zan ɗora su da zarar na rufe lambar asusuna. Allah ya isa.

Kada ku tura ko sisi sai wani naku ya taɓa injin da hannunsa.

Ranar Laraba zan tsaya gaban iyaye in yi bayanin 8,400. Yanzu da shebur da tiyo muke gyaran ƙanƙarar.