Mai turin waƙa na kasuwar Maigatari da memorin Lucky Dube

Masu turin waƙa sun yi yawa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kowa da kwamfutarsa da sifika tana tashi. Galibinsu idan ka ce rege kake so, sai su kwaso duk abin da ke cikin folda su juye maka, ka je gida ka tarar rabi ba abin da ka nema ba ne. Akwai yaro ɗaya da na ware daga cikinsu, mai ɗan shagon langalanga da farantin sola a kan rufi, yana cajin waya yana turi. Shi na ba aikin haɗa mini waƙoƙin Lucky Dube, don ni tela ne, keke na tafiya kiɗa na tafiya, kuma kaset-kaset ɗina na da duk zare ya tsinke.

Abin da ya fara burge ni shi ne tambayar da ya yi: "Baba, daga farko za a ɗauko ko daga lokacin rege?" Yaron da ko tafiya bai iya ba lokacin da mutumin ya mutu, amma ya san akwai farko. Ya jera mini waƙoƙin bisa shekaru, kowace folda da shekararta, har ya zama idan ka saurara a jere kamar labarin rayuwar mutumin ake ba ka.

Foldar farko ba rege a ciki ko kaɗan. An haifi Dube a 1964 a Ermelo, Afirka ta Kudu, ya tashi cikin talauci har ya yi aikin lambu a gidajen mutane, kuma da harshen Zulu ya fara waƙa, a wani kiɗan rawa na birni da suke kira mbaqanga, tare da ɗan'uwansa Richard Siluma. Kiɗa ne mai saurin jita, mai daɗin biki. Sai a 1984 ya juya zuwa rege, ya fitar da faifan Rastas Never Die, gwamnatin wariyar launin fata ta haramta shi a 1985. Bai fasa ba. Slave ya fito a 1987, Prisoner a 1989, kuma waɗannan biyun su ne suka iso mana nan, a rikodar direbobin Gumel zuwa Kano da shagunan teloli.

Jin su a jere ya nuna mini dalilin da ya sa regensa bai yi kama da na 'yan Jamaika ba, duk da muryarsa na ɗauko ta Peter Tosh, wani mawaƙin rege na can. Bai yar da kiɗansa na farko ba. Wannan molon lantarki mai kuka a ƙarƙashin waƙa, da 'yan amshi mata da ke ɗaga murya a bayansa, daga gida ya taho da su. Kamar telan da ya ƙware a babbar riga ne ya koma ɗinkin kwat, hannunsa ba ya ɓuya. Shi ya sa har wanda ba ya jin Turanci yake iya kaɗa kai, kuma shi ya sa nake ganin foldar Zulun nan ita ce mafi daraja a cikin memorin, don ba kowa ke da ita ba.

Wani dattijo da ya zo karɓar wayarsa daga caji ya ji kiɗan ya ce, "Ku da 'yan wiwinku." Yaron ya ce, "A'a Alhaji, wannan ko taba ba ya sha, balle giya." Gaskiyarsa kuwa, haka aka san Dube.

To, ga inda shagon ya gaza. Yaron yana sa tallar kansa a cikin waƙa. Ana tsakiyar amshi sai wata murya ta faɗo tana kiran sunan shago da lambar waya, wani lokacin sau biyu a waƙa guda. Na ce masa, "Ɗana, na riga na san shagon, ni da na zo da ƙafata." Ya yi dariya ya ce saboda masu kwafa ne, amma zai cire wa duk wanda ya roƙa. Ka roƙa tun kafin ya fara turi. Na biyu, memorin da yake sayarwa ba na kirki ba ne, abin da aka rubuta a jiki daban, abin da yake ɗauka daban, kafin a kai ƙarshe ya cika. Ka zo da naka. Haka kuma na tsinci waƙoƙin wani mawaƙin Kwaddibuwa mai Faransanci sun ɓuya a foldar 1989, ga wasu sautinsu ƙasa-ƙasa, sai ka ƙure sifika kafin su rinjayi ƙarar keke.

Foldar ƙarshe ita ce Respect, na 2006. A ranar 18 ga Oktoban 2007 'yan fashin mota suka harbe shi a unguwar Rosettenville ta Johannesburg, ya kai 'ya'yansa gidan wani ɗan'uwa, yana da shekara 43. An yanke wa mutum uku ɗaurin rai da rai a 2009. Yaron ya ƙara mini da wasu waƙoƙin 'yarsa Nkulee kyauta, ban nema ba. Muryar tana da kyau, amma ni dai na uban nake komawa.

Kuɗin turinsa bai wuce na sauran ba. Sai dai ka je da hantsi, don da zarar 'yan kara sun fara tashi, layin masu caji yakan kai bakin titi, ba zai samu sukunin jera maka komai ba.