Cilin Teksas da cili mai wake: wanne za ki ɗora?

Maman Ikram, kin ce yaronki da ke karatu a Amurka ya zo hutu yana ta santin wata miyar nama da suke kira cili. Da kika bincika sai kika tarar da iri biyu, ɗaya da wake da tumatir, ɗayan kuma masu shi na rantsuwa duk wanda ya sa wake ya ɓata girki. Kina son sanin bambancinsu da wanda ya dace ki gwada a gida.

Marar waken shi ne na jihar Teksas, kuma shi ne babba a shekaru. Tun ƙarshen ƙarni na 19 matan birnin San Antoniyo, yawancinsu 'yan asalin Mekziko, ke kafa tebura a dandalin gari da yamma suna sayar da shi da zafinsa, har aka yi musu laƙabi da sarauniyoyin cili. Dokokin tsafta na hukumar birnin ne suka tashe su a ƙarshen shekarun 1930. Mutanen jihar ba sa wasa da abin nan: a 1977 majalisarsu ta ayyana shi a matsayin abincin jiha, kuma tun 1967 ake gasar dafa shi a wani ɗan ƙauyen hamada mai suna Terlingua. A gasar, tukunyar da aka ga wake a ciki ta fita daga lissafi.

Mai waken kuwa na cikin gida ne, na uwa mai bakuna da yawa. Ya samu gindin zama bayan da wani Bajamushe mazaunin Teksas, William Gebhardt, ya fara sayar da garin barkonon cili a shekarun 1890. Da gari ya shiga kanti, matar da ke can arewacin ƙasar, inda ba a samun busasshen barkonon Mekziko, ita ma ta iya ɗora nata. Nama da tsada, wake da araha, sai aka haɗa su tukunya ta auku.

A nama suke fara rabuwa. Na Teksas yankakken naman shanu ne, gutsuren kamar kan babban yatsa, daga kafaɗa ko wuya inda akwai jijiya da ɗan kitse. Ana soya shi kaɗan-kaɗan a kitsensa har ya yi ja sosai. Kada ki juye shi duka lokaci guda, ruwa zai fitar ya koma dahuwa maimakon suya. Sannan a bar shi kan ƙaramar wuta awa biyu da rabi zuwa uku, jijiyar ta narke ta ba romon danƙo. Mai wake niƙaƙƙen nama ne, rabin kilo ya ishi gida, cikin awa ɗaya an sauke.

Amma ni a ganina rigimar wake ta rufe ainihin bambancin, wanda ke cikin barkono. Mu da mun ji miyar barkono sai hankalinmu ya tafi kan attaruhu, alhali cilin Teksas ba yaji ake nema a cikinsa ba. Ginshiƙinsa manyan busassun barkono ne marasa zafi, irin su ancho da guajillo, masu ɗanɗanon zaƙi-zaƙi da ƙamshin hayaƙi. A ma'aunin zafin barkono na Scoville, ancho bai wuce 2,000 ba, attaruhu kuwa ya haura 100,000. Ana cire musu hanci da 'ya'ya, a ɗan gasa su a busasshen kasko na daƙiƙu kaɗan har ƙamshi ya tashi, a jiƙa a ruwan zafi kamar minti 20, a markaɗa da tafarnuwa da kumin, wasu ƙananan 'ya'yan kayan ƙamshi na girki. Wannan markaɗen shi ne miyar gaba ɗaya. Shi ke ba ta jan nan mai duhu, shi ke ba ta jiki. Masu tsattsauran ra'ayi ko tumatir ba sa sawa, wasu har albasa suna yi mata kallon baƙuwa. Zafin sai a ƙarshe ake daidaita shi da ƙananan barkono biyu ko uku.

A nan ne muka yi sa'a, domin busasshen tattasai da ke cike da kasuwanninmu zai riƙe miki wannan aiki. Ba zai zama ancho sak ba, ɗanɗanonsa bai kai wancan zurfi ba, amma in kin zaɓi mai tsabta wanda bai yi fumfuna ba, kika wanke ƙurar, kika bar shi ya tsane kafin ki gasa, za ki sha mamaki. Cikin hannu biyu ya ishi kilo ɗaya na nama. Ki tsaya a kansa wajen gashin, da ya yi baƙi ɗaci ya shiga, kuma babu abin da zai fitar da shi.

Mai wake bai san wannan wahalar ba. Albasa, tafarnuwa, tumatir, cokali biyu ko uku na garin cili na kwalba, shi ke nan. Ɗanɗanonsa ya fi karkata ga tsamin tumatir, shi ya sa yara ke saurin karɓarsa. Dabara ɗaya ce ke ɗaga shi: ki zuba garin a cikin mai tare da albasa ya soyu na minti ɗaya kafin ruwa ya shiga. In aka barbaɗa shi a kan ruwa, gari-gari yake zama a baki. Kumin kuwa dole ne a duka biyun, in babu shi miyar dage-dage kawai kika yi.

Waken da suke sawa jan nan ne babba mai siffar ƙoda, ko wani mai ɗigo-ɗigo da ake kira pinto. Na gwangwani dafaffe ne, tsiyaye ruwan kawai za ki yi ki ɗauraye. In busasshe kika samu, ki jiƙa shi ya kwana, ki zubar da ruwan, ki tafasa shi tafasa mai ƙarfi aƙalla minti 10 kafin ki rage wuta, domin ɗanyen jan waken nan na ɗauke da wani sinadari mai sa amai da gudawa wanda ƙaramar wuta ba ta kashewa. Waken namu ma zai yi, sai dai ya fi saurin narkewa. Ki dafa shi daban ba kanwa, ki zuba a minti 20 na ƙarshe. Kada ki ce ɗanye zai nuna a cikin miyar, tsamin tumatir na hana wake laushi.

Wajen kauri, mai wake da kansa yake haɗa jikinsa, in ya yi ruwa ki murƙushe ludayi ɗaya na waken. Na Teksas ana dama masa cokali biyu na garin masara da ruwa a zuba dab da saukewa. Abin lura kuma, da yawan girke-girken da za ki gani suna cewa a zuba giya ko a fara da soya naman alade. Ki tsallake, romon ƙashi da kitsen shanu sun wadatar.

A kwano ake cin duka biyun da cokali, a barbaɗa ɗanyar albasa da gurzajjen cuku, a gefe burodin masara. Cokalin kindirmo mai kauri a sama na kwantar da yaji. Mai wake yana tafiya da farar shinkafa lafiya lau. Akwai ma na uku, na birnin Sinsinati da ke jihar Ohayo, wanda wasu 'yan uwa biyu baƙi daga Masedoniya suka fara a 1922: ruwa-ruwa ne, da kirfa da kanumfari, a kan taliya ake zuba shi. Mutanen Teksas ba sa ko lissafa shi. Duk wanda kika yi, ya fi daɗi washegari, kamar ɗumamen tuwo.

Da ni ce, ga tsadar nama ga yara, mai wake zan ɗora, amma in ari markaɗen Teksas: busasshen tattasai gasasshe a madadin garin kwalba, tumatir kaɗan, nama rabi niƙaƙƙe rabi yankakke. Na Teksas zalla ki ajiye shi sai babbar Sallah, lokacin da nama ya wadata kuma gawayi na ci tun safe. Kafin nan ki tambayi ɗan naki ko da wake ya ci nasa. In a ɗakin cin abincin makaranta ne, zai yi wuya a ce babu.