Garejin da ya gano inda iska ke shiga injin kamiyona

A gefen hanyar Tanut, nan Damagaram, akwai wani ƙaramin gareji da ba ya taɓa komai sai injin dizal. Ba allo, ba ofis, rumfar kwano ce da tebur na ƙarfe da yara masu koyon aiki. Can na kai tsohon kamiyona mai silinda shida, wanda nake ɗauko wake da gero da shi daga Magarya da Miriya zuwa Kasuwar Dole, kuma ina ganin aikin da aka yi mini ya isa a ba da labarinsa.

Ciwon motar na safe ne. In ta kwana, sai a yi ta murza makulli sitata na kuka, farin hayaƙi na fita ta salansa, ta kama tana kakkarwa ta sake mutuwa. Da ta ɗauka kuwa shi ke nan, yini guda bugu ɗaya take tashi. Ga warin gazuwal a gaban mota, ga ƙura ta daskare baƙi ƙirin a gefen injin. A tasha kowa da fatawarsa: wani ya ce batir, wani ya ce bujin zafi, mai ɗumama cikin injin kafin a tayar, mafi yawa suka ce sai an sauke babban famfon injin an buɗe, aikin da kuɗinsa ke karya mai mota.

Maigidan garejin bai ɗauki sifana ba sai da ya gama tambaya. Da zafi ma tana gardama, ko sai ta kwana? In an ajiye ta hanci sama fa? Tanki cike da tanki rabi, akwai bambanci? Daga nan ya danna ɗan famfon hannu da ke kan filta, ya ji shi laɓo-laɓo, sai da ya yi ta dannawa kafin ya yi tauri. Ya ce a murza, ta tashi nan take. Ya dube ni ya ce, “Alhaji, babban famfonka lafiya lau yake. Mai ne ke komawa tanki da dare, iska na maye gurbinsa.”

Abin da ya fi burge ni shi ne bai ce in yarda da maganarsa kawai ba. Ya cire tiyon da ke tsakanin filta da babban famfo, ya sa wani fari garai da ake ganin cikinsa. Na sunkuya na ga ƙananan kumfa suna bin juna cikin man, kuma da aka kashe injin sai wani dogon gurbin iska ya fara ja da baya a hankali. Ya mai da farin tiyon bayan filta, wajen da mai ke zuwa daga tanki: babu kumfa ko ɗaya. Ke nan ɓarnar tana kan filtar. Robar da ke cikin famfon hannun ta tsage, kuma washoshin jan ƙarfe na kusoshin an sha ɗaure su har sun baje. Ya bayyana mini cewa a wannan ɓangaren tsotsar mai ake yi, shi ya sa ramin da ke shigar da iska sau da yawa ba ya ɗigar da ko ɗigo. Yoyon da nake gani kuwa daban ne: ƙananan tiyoyin da ke mai da rarar mai daga injekta, masu fesa mai cikin silinda, zuwa tanki ne suka bushe suka farfashe. Wanda ya san zafin Afrilu da Mayu a garin nan, da yake wuce digiri 40, ba zai yi mamakin roba ba.

Na kuma ga yadda yake riƙe yaransa. Ɗaya ya miƙa hannu zai shafa bututun ƙarfe na injekta injin na aiki, ya daka masa tsawa, ya miƙa masa guntun kwali. Man da ke cikin bututun nan ƙarfinsa na iya huda fata ya shiga nama, kuma raunin kan kai mutum ga tiyata. Karen motata ma ya sha faɗa kan tsumman fetur da direbobi ke kangawa a bakin shan iska don tada mota da sanyin safiya, domin bugun da yake sa injin yi na lalata fistin da zobbansa.

Da aka kwance kofin ƙasan filta an sami ruwa da laka. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gazuwal bai yi mana nisa ba, amma man da ya zauna cikin duro da jarka a bakin hanya yana tara ruwa da ƙasa, kuma a ƙauyuka shi ake samu. Shawararsa ita ce a riƙa tsiyaye kofin nan a kai a kai, a tace mai da ƙyalle mai tsabta in dole ta sa an sayi na jarka.

Akwai abin da bai gamshe ni ba. Filin a buɗe yake, iska na kwaso rairayi, kuma na ga yaro ya ajiye sabuwar filta a ƙasa sai da na yi magana. A aikin da ƙwayar yashi ɗaya ke toshe injekta, wannan sakaci ne. Ba ya ajiye kayan gyara, kai za ka shiga gari ka nemo, kuma a kasuwa ana cakuɗa tiyon ruwa da na mai, ga shi na ruwan kumbura yake yi in gazuwal ya jiƙa shi. Babu takardar shaidar biya. In ya ce ka dawo bayan azahar, ka sa ran la'asar sakaliya.

Kuɗin hannunsa jika 15 ya karɓa, kayan kuma suka ci kusan jika 30, har da sabon kan filta. Ya ƙi sakin motar ranar, ya ce sai ta kwana a gabansa an gwada da asuba. Yanzu hunturu ya shigo sosai, kuma da fitilar bujin zafi ta mutu, bugu ɗaya take tashi, gefen injin a bushe.

Mai tsohuwar mota irin tawa, wadda famfonta ba na kwamfuta ba ne, ya fara zuwa nan kafin ya yarda a sauke masa famfo. Mai sabon injin da kwamfuta ke sarrafawa kuwa ya nemi inda ke da na'urar bincike, domin shi kansa maigidan da bakinsa ya ce ba ya taɓa su.