Abin wuyan da maƙerin fari ya yi mini da tsohuwar dala

Duk wadda ke da tsohon kuɗin azurfa a ƙasan adaka, tana son ta mai da shi abin wuya, to kada ta yarda a huda shi. Wani dattijo maƙerin fari a babbar kasuwar Maradi ne ya nuna mini haka, da na kai masa dalar da na gada wurin innata.

Dalar irin ta Mariya Tariza ce, sarauniyar Ostiriya, wadda fatake suka riƙa shigowa da ita ƙasar Hausa ta hanyar sahara. Gefe guda kan sarauniyar, ɗaya gefen gaggafa mai kai biyu. Ya ɗora ta a sikeli, giram 28 ba wani ragi sosai, ya kara mata maganaɗisu bai kama ba, ya ƙyasta ta da farce tana bisa yatsansa, ta yi ƙara siririya mai daɗewa. Sannan ya ce, "Hajiya, in na huda ta na kashe ta. Bari in yi mata gida."

Gidan kuwa ya yi kyau ƙwarai. Zobe ne na azurfa ya kewaye ta da shi, da 'yan farata huɗu masu riƙe bakinta, wuta ba ta taɓa jikin kuɗin ba. Ran da aka so, a buɗe a ciro ta lafiya lau. Wannan ne abin da masu tara tsofaffin kuɗi ke dubawa, don kuɗin da aka huda ko aka liƙa wa kunne, darajarsa a wurinsu takan koma ta nauyin azurfarsa kawai.

Ya kuma burge ni da gaskiyarsa. Ya ce mini shekarar 1780 da ke jiki ba lalle ita ce shekarar da aka buga dalar ba. A shekarar ce sarauniyar ta rasu, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan lamba, a Viyana har yau, wani lokaci ma a Landan da Faris da Roma. Don haka in dillali ya ce miki ta haura shekara 200, ya tsuga kuɗi, ki yi ciniki a kan azurfa da aikin hannu.

Abu biyu ba su yi mini daɗi ba. Maƙallin sarƙar ya yi siriri ga nauyin dalar, sai da na koma aka sake shi. Na biyun ya fi mini ciwo: yaronsa ya goge ta fes tana walƙiya, duhun nan da ya kwanta tsakanin fuka-fukan gaggafar ya tafi, alhali shi ne shaidar hannuwan da ta ratsa.

Jikka goma na biya har da sarƙar, kuma ban ga tsada ba. Akwai tamma biyu na azurfa na zamanin Faransa da zan kai masa ya yi mini 'yan kunne, amma da sharaɗin kada kowa ya goge su.